Ni da kwarashi: rajistar koyon saƙa da karanta fatan

6 ga Janairu

Kayan sun haɗu, kwarashi na alminiyom mai lamba 5mm, dunƙulen ulu biyu na akirilik gram 100 kowanne, almakashi, tef na awo da allura mai ƙaton ido wadda ba ta da tsini. Abin da nake so kafin ƙarshen Maris abu biyu ne, hula ɗaya da zan iya sawa a kaina da kuma ƙaramin bargo na rufe ƙafa, amma sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne daga rubutaccen fatan (pattern), wato takardar umarnin saƙa, zan yi su, ba wai in zauna gaban bidiyo ina kwaikwayon hannun wata ba. Bidiyo zan yi amfani da shi in ga yadda ake motsa hannu kawai.

A jikin takardar da aka naɗe ulun akwai ɗan hoton dunƙule da lamba 4 a ciki. Ashe kaurin zare lamba gare shi daga 0 zuwa 7, sifili shi ne siriri sosai na leshi, 7 kuma shi ne jibgege. Lamba 4 matsakaici ne kuma shi ake ba ɗan koyo. Yau ƙullin zarge da sarƙa kawai na yi, sarƙa doguwa har ta sauka ƙasa na warware na sake.

8 ga Janairu

Sarƙa dai. Hannun hagu ne matsalar ba na dama ba, shi ke riƙe zaren yana sakinsa kaɗan kaɗan, nawa ko dai ya shaƙe shi ko ya sake shi gaba ɗaya.

11 ga Janairu

Na ajiye baƙin ulun. Baƙi da ruwan ƙasa na saya saboda su nake so a bargon, to baƙin nan wallahi ba a ganin komai a jikinsa, ido da ido, wato kowane ƙullin saƙa da na kusa da shi, sun haɗe sun zama abu ɗaya, kana soka kwarashi ne kawai da fatan alheri. Na ƙaro dunƙule ɗaya ruwan madara kuma nan take na fara ganin abin da ake ta faɗa, wato kowane ido a samansa akwai zare biyu da suka yi siffar V kwance, a ƙarƙashin su biyun ake shiga sai in fatan ya ce a shiga na baya kaɗai ko na gaba kaɗai.

Na fara singil. A soka, a rataya zare, a jawo, yanzu akwai biyu a kan kwarashi, a sake ratayawa a jawo ta cikin biyun. Layin farko a kan sarƙa shi ne mafi wuya a duk abin da na yi zuwa yanzu don sarƙar tawa ta matse sosai kwarashin ba ya shiga, har sai da na sa farce ina buɗawa. Maganin da na samu shi ne a yi sarƙar da kwarashi mafi girma, misali 6mm, sannan a dawo 5mm a ci gaba. To ke nan sai na sayi wani kwarashin, tun ba a je ko'ina ba kashe kuɗi ya fara.

15 ga Janairu

Yau ranar haushi ce. Na fara da ido 20, nufina ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, ina ta saƙa ina jin daɗi hannu ya fara sakewa, da na shimfiɗa shi a tebur bayan layi 12 sai ga abu ya tsuke sama kamar wutsiyar ƙadangare. Na ƙirga, ido 13. Bakwai sun ɓace kuma ban ga inda suka bi ba.

Na zauna na bi layin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne idon ƙarshe na kowane layi yana kwanciya gefe ya ɓuya, sai ka ɗauka ka gama ka juya alhali saura ɗaya. Wani lokacin kuma bayan an juya, idon farko ne ake tsallakewa saboda yana manne da sarƙar juyi, wato 'yar sarƙar da ake yi don hawa sabon layi. Ido ɗaya a nan ɗaya a can, kafin ka ankara kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Yanzu ina maƙala fil a idon farko da na ƙarshe na kowane layi, kuma ina ƙirga kowane layi da baki kafin in juya. Yana cin lokaci amma bai kai warwarewa ci ba. Na sake yi, 20 a ƙasa 20 a sama, gefen dai bai miƙe sosai ba amma kusurwa huɗu ce.

17 ga Janairu

Rabin dabul da dabul. Bambancinsu da singil a rataya zare ne tun kafin a soka. Rabin dabul ana jawowa ta cikin ukun lokaci ɗaya, dabul kuma biyu biyu sau biyu. Dabul ya fi min daɗi, aiki na tashi da sauri.

21 ga Janairu

Na buɗe rubutaccen fatan karo na farko da niyyar bi, na rufe. Na sake buɗewa da biro da littafi. Gaskiya duk wanda ya ce fatan Turanci ne bai duba da kyau ba, ko wanda aka haifa da Turancin sai ya koye shi daban, don gajerun haruffa ne da lissafi. Na rubuta su a bangon littafina: ch sarƙa, st ido, sl st zamewa wato haɗa wuri da wuri ba tare da an ƙara tsawo ba, sc singil, hdc rabin dabul, dc dabul, tr mai rataye biyu, yo rataya zare, sk tsallake, rep maimaita.

Abin da ya fi ɗaure min kai taurari ne. In ka ga tauraro sannan umarni sannan wani tauraron, abin da ke tsakaninsu shi za ka yi ta maimaitawa. In kuma an haɗa abubuwa a cikin baka aka ce a ido ɗaya, to duk a rami ɗaya za su shiga. Sai lambar da ke ƙarshen layi, wadda da na ɗauka ado ce, ashe ita ce alkalin, tana faɗa maka ido nawa ya kamata ka samu in ka gama layin. In naka bai kai ba kar ka wuce.

Sai maganar sarƙar juyi. Singil sarƙa 1, rabin dabul 2, dabul 3, mai rataye biyu 4, don a hau tsawon layin da za a fara. Amma wani fatan yana lissafa sarƙa ukun nan a matsayin dabul ɗaya, wani ba ya lissafawa, kuma a can sama cikin bayanan farko ake faɗa, wurin da kowa ke tsallakewa don ɗokin farawa. In an lissafa ta to idon farko za ka tsallake, sannan a dawowa dole ka saƙa a saman sarƙar. In ba a lissafa ba kuma ka tsallake, ka yi asarar ido ke nan.

24 ga Janairu

Wuyan hannu na ciwo, hutu. Ina riƙe kwarashi irin riƙon biro, zan gwada riƙon wuƙa in gani.

28 ga Janairu

Riƙon wuƙa ya fi min, babban yatsa ya daina sagewa.

To ga labarin ƙyallen goge kwano. Na samu fatan kyauta mai sauƙi, an ce dc a kowane ido har layi 30, hoton ya nuna abu cunkus mai kauri ba rami. Na bi shi harafi da harafi, ƙirga daidai, gefe daidai, amma nawa tun a layi na 15 ya riga ya wuce tsawon da aka ce zai kai a ƙarshe, ga ramuka yatsa na shiga. Na duba ulu, na duba kwarashi, na sake karantawa, komai daidai. Sai can ƙasa na ga wadda ta rubuta a Ingila take.

Ashe suna ɗaya ne saƙa biyu. Abin da Amurkawa ke kira singil shi 'yan Ingila ke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma a Ingila tr ne, haka abin yake tafiya da tazarar mataki ɗaya har sama. Ita singil take nufi ni kuma na zuba mata dabul mai tsawo ninki biyu. Yadda zan riƙa ganewa daga yanzu: in na ga sc ko hdc a ko'ina cikin fatan to na Amurka ne don Ingila ba su da sc sam, in na ga htr, wato sunan da suke ba rabin dabul, to na Ingila ne. In duk babu, hoto zan zuba wa ido. Ni dai ra'ayina duk mai rubuta fatan da bai faɗi tsarin da ya bi a layin farko ba bai kyauta wa 'yan koyo ba, layi ɗaya ne fa.

Ban warware ba, na bar shi a haka yana goge tebur. Wani abin kuma, akirilik ba ya shan ruwa sosai, irin wannan aikin zaren auduga yake so, kuma duk abin da zai taɓa zafi kamar na sauke tukunya dole auduga don akirilik roba ce narkewa take.

2 ga Fabrairu

Gwaggo ta zo ta gan ni da littafi da biro da kwarashi ta yi ta dariya. Ita ta fi shekara talatin tana saƙa ba ta taɓa duba takarda ba, abu za ta ɗauka ta juya shi gaba da baya ta ce sarƙa kaza ne aka tsallake kaza, ta zauna ta fitar da irinsa. Ta ce min "ke 'yar nan saƙa ce kike ko jarrabawa?" Na ce Gwaggo duka biyun. Ta karɓi ƙyallena ko minti ɗaya ba ta yi ba ta nuna min wuri biyu da na tsaga zare, wato kwarashin ya bi ta tsakiyar silin maimakon ya ɗauke shi duka. Ta ce in riƙa juya bakin kwarashin ƙasa lokacin jawowa.

Abin da na lura shi ne ita ma karatu take yi, saƙar kanta take karantawa. Ni na iya karanta takarda ban iya karanta abin da ke hannuna ba, shi ya sa in na ajiye aiki na dawo ban san a layi na nawa nake ba sai na duba littafi. Daga yau kafin in duba abin da na rubuta sai na fara ƙirga layukan da ido in ga ko zan dace.

5 ga Fabrairu

Zoben farawa wanda ake zugewa. Na sa bidiyon a gudun 0.5 har hannu ya ɗauka. Ya fi sarƙa huɗu da ake haɗawa don ba ya barin rami a tsakiya.

9 ga Fabrairu

An fara hula, daga tsakiyar kai ake saukowa. Lissafin da'irar dabul yana da daɗi in ka gane shi, kowane zagaye ana ƙara 12. Zagayen farko 12 a cikin zobe, na biyu biyu biyu a kowane ido 24, na uku ɗaya sannan biyu a ido ɗaya har sau 12 ya ba da 36, na huɗu 48, na biyar 60, daga nan a daina ƙari a yi ta zagayawa da 60 sai gefen ya lanƙwaso da kansa ya zama hula. Da singil ne 6 ake ƙarawa. In ƙarin ya yi yawa bakin da'irar tattarewa yake, in ya yi kaɗan kuma ya ƙwanƙwashe tun lokaci bai yi ba. Wannan ne karo na farko da na san abin da layi na gaba zai ce tun kafin in karanta shi.

13 ga Fabrairu

Hula ta ƙare kuma ba ta shiga kaina. Ko kunne ba ta kai ba, a saman kai ta tsaya.

Ƙirga ba matsala, 60 cif. Matsalar ma'aunin hannu ce. A saman fatan an rubuta dabul 12 su ba da santimita 10, na ɗora tef a kan tawa na samu 14 a santimita 10. Ka ga bambancin ido biyu kamar ba komai ba, amma yi lissafi: 60 a hannun mai fatan santimita 50 ne, 60 a hannuna wajen 43. Kaina 56 ne, kuma ana yin hula ta gaza kai da kamar santimita 5 don ta kama, to 50 ko 51 daidai ne, 43 kuwa ta ƙaramin yaro ce. Da ma akwai hanyar ganewa tun da wuri, a raba zagayen hular da 3.14 a samu faɗin da'irar saman kafin a daina ƙari, tawa ya kamata ta kai wajen santimita 16 amma ba ta kai 14 ba.

Na saƙa ƙyallen gwaji da 5.5mm na samu 13, da 6mm na samu 12 da ɗan ɗoriya. An ce a yi ƙyallen ya fi santimita 10 a auna tsakiyarsa don gefe ƙarya yake yi. Lambar kwarashin da aka rubuta a fatan shawara ce kawai, ta hannun mai shi ce, abin da ake bi shi ne awon. Ƙaramar hular ban warware ba, ɗan Yaya zai samu.

18 ga Fabrairu

Hula ta biyu da 6mm, ta shiga, ta rufe kunne. Wurin haɗin zagaye ya ɗan karkace ya bi gefe amma a baya yake. Ta ci kusan kashi uku cikin huɗu na dunƙule.

20 ga Fabrairu

Tsakiyar hular ta fara buɗewa, zoben ya saki don jelar zaren na yanke ta gajere. Na ɗinke da wani zaren. Jela santimita 15 ake bari, a bi da ita da allura ta cikin idanu a tafi a dawo a sake tafiya kafin a yanke.

24 ga Fabrairu

Bargo. Ƙananan murabba'ai zan yi in haɗa, irin wanda ake yi da dabul uku uku a rami ɗaya da sarƙa 2 a kowace kusurwa. Wannan karon da zane na bi ba rubutu ba kuma gaskiya na fi son zanen. Ɗan ƙwai sarƙa ne, ɗigo baƙi zamewa, x ko alamar tarawa singil, T rabin dabul, T mai sanda ɗaya a gicciye dabul, mai sanda biyu tr. Kana ganin wane ido ke zaune a kan wane, kuma rikicin Amurka da Ingila bai taso ba don alamar ɗaya ce. Littattafan saƙa na Japan kusan duk da zane suke, mutum zai iya bi ko bai san harafi ɗaya na yarensu ba. Mai saƙa da hannun dama yana bin zagaye ne saɓanin tafiyar agogo, in kuma layi layi ne daga ƙasa ake farawa, na farko dama zuwa hagu na biyu hagu zuwa dama.

Zagaye huɗu nake yi, dabul 12, 24, 36, 48. Da 5.5mm yana ba ni santimita 12. Bakwai a faɗi tara a tsawo, guda 63, wato santimita 84 da 108 kafin a saƙa bakin bargon.

27 ga Fabrairu

Na ɗora murabba'i ɗaya a sikeli, gram 10 ne. Sau 63 gram 630, in an haɗa da na haɗawa da na baki sai na tanadi dunƙule 8 ko 9. Kuɗin ulu ya riga ya ninka na duk sauran kayan aikin in an haɗa su. Lokaci kuma kowanne yana cin kamar minti 25, jimla awa 26 ke nan ban da haɗawa. Tun da na yi wannan lissafin na daina ganin tsadar kayan kwarashi, ga shi har yau masana'antu ba su da injin da ke yin ta yadda hannu ke yi, saɓanin saƙar sanda biyu da inji ya daɗe da karɓewa. Duk rigar murabba'ai da ka gani a rataye a kanti wani ne ya zauna ya yi ta ido bayan ido. A Ireland ma lokacin yunwar da ta fara a 1845 leshin kwarashi ne ya riƙe gidaje da yawa, mata da yara suna saƙawa ana fitarwa waje ana sayarwa.

3 ga Maris

Guda 14. Na canza shawara kan kala. Da kala huɗu na tsara a kowanne, to kowace kala jela biyu take bari, takwas sau 63 jela 504 da zan bi da allura. A'a. Na koma kala biyu, tsakiya ruwan madara zagayen waje ruwan ƙasa, jela 252, kuma ina ɓoye su nan take kafin in fara na gaba.

7 ga Maris

Guda 25. Babu labari.

12 ga Maris

Ruwan ƙasan ya ƙare na sayo ƙari, kamfani ɗaya, lambar kala ɗaya. Da dare ban ga komai ba na saƙa guda shida, da safe na jera su kusa da na da a hasken rana sai ga sababbin sun fi ja. A takardar akwai lamba ta biyu bayan ta kala, lambar rukunin rini, wato waɗanda aka rina tare a tukunya ɗaya. Tawa ta farko daban ta yanzu daban. Na koma neman tsohuwar lambar babu ita, ta ƙare.

Zaɓi biyu ne, ko in warware 31 na farko in sake zagayen wajensu, ko in gauraya. Gaurayawa zan yi, ɗaya tsoho ɗaya sabo a jere yadda zai zama kamar da gangan ne, 63 ya rabu 32 da 31 kuma tsofaffin 31 ne daidai, sai in cike 32 da sabon. Na sayi duk sauran da nake buƙata lokaci ɗaya daga rukuni ɗaya har da ɗaya na ajiya.

16 ga Maris

Guda 46. Na lura na farko farko sun fi na yanzu ƙanƙanta da kusan santimita ɗaya, hannuna ya saki a hanya.

21 ga Maris

An gama 63. Saboda bambancin girman nan sai na daidaita su kafin haɗawa. Na zana murabba'i mai santimita 12 a kwali, na ɗora tawul, na kafe kowanne da fil a kusurwa huɗu, na riƙe dutsen guga mai tururi a sama da shi kamar santimita 3 ba tare da ya taɓa ba. Na gwada a ƙyallen gwaji tukuna na bar dutsen ya sauka a kai don in gani, wurin ya kwanta ya yi sheƙi ya mutu, ba ya dawowa. Da auduga ce ko ulun tumaki jiƙawa za a yi a shanya a kafe. Tururin ya taimaka, guda huɗu ne kawai suka ƙi kaiwa, su zan sake.

25 ga Maris

Na haɗa layi uku da zamewa ta zaren baya kaɗai, fuska da fuska, haɗin ya kwanta lafiya amma sai da na koma 6mm don da 5.5mm yana tattare bargon. Ba zan cika wa'adin ƙarshen Maris ba, sai dai tsakiyar Afrilu.

Saura layi shida, sannan baki. Bakin da nake so mai lanƙwasa ne, dabul 5 a ido ɗaya, tsallake 2, singil, tsallake 2, wato kowane maimaici yana cin ido 6, don haka zan fara zagaye bargon da singil in ƙirga kowane gefe in daidaita shi ya rabu da 6 kafin in fara. Ulun da ya rage dunƙule biyu da rabi, ina ganin zai isa in bakin bai wuce zagaye uku ba. Bayan bargon nan, ragin ido zan koya, don duk abin da na yi zuwa yanzu ƙari ne kawai, kuma na riga na ware fatan ɗin 'yar ƙwallo ta singil mai farawa da 6 ta kai 36 ta sauko, da kwarashi 3.5mm da zaren auduga lamba 3.